Ɗaci a Ɗakin Cuku

Ni dai ba a gayyace ni ba. Ba a cika gayyata ta wuri ba, amma kuma ba a taɓa yin abu a unguwarmu an gama ban iso ba. Ranar da mai saye ya tofar da cukun Maigida, mai gidan cukun unguwarmu, ina tsaye a bakin taga, wai na kawo wa 'yata abincin rana.

Bari in gaya muku yadda gidan yake. Cukunsu ba irin wanda ake yi da safe a cinye da yamma ba ne. Manya ne kamar tayar amalanke. Ana jera su a kan katako cikin ɗaki mai sanyi, su kusa shekara suna nuna. 'Yata ce mai kula da ɗakin. Ita ke juya su, ta goge su da ruwan gishiri, ta ƙwanƙwasa ta ji lafiyarsu. Mijinta kuma shi ne makiyayin shanun gidan. Wato tukunyarmu, daga murfi har gindi, a kan cukun nan take.

Mai saye ya zo da motarsa daga birni. Maigida ya yanka masa guda da alfahari. Bawan Allah ya tauna sau biyu, fuskarsa ta tattare kamar ya ciji maɗaciya, ya juya ya tofar. Maigida ya ɗanɗana, shi ma ya tofar. Ya yanka na biyu, ya yanka na uku. Waje lafiya lau, amma ciki ya yi lugub kamar sabulun da ya kwana a ruwa, ga ɗaci har maƙogwaro.

"Wannan ba lalacewa ba ce," in ji Maigida. "Hannu ne. Wani ya yi mini."

Sai ya juya ya dubi 'yata. Mutum biyu ne ke shiga ɗakin nan, shi da ita.

"Kada ki sake taka ƙofar nan. In mako ya fita ban san wanda ya yi ba, da 'yan sanda za ki yi bayani."

'Yata ta kwance ƙyallen aikinta, ta ninke, ta ajiye. Ni kuwa kwanon abinci na hannuna, na rasa inda zan sa shi.

* * *

Kafin la'asar labari ya riga ni isa bakin famfo. Wata ta ce kananzir 'yata ta zuba. Wata ta ce masu gidan cukun hayin rafi ne suka saye ta. Da na ƙaraso sai kowa ta shiga wanke bokitin da ya riga ya fita. Ni da na shekara arba'in ina raba labari a wurin nan, yau ni ake rabawa. Na gane abin ba daɗi, amma ba lokacin wa'azi ba ne.

Washegari na tafi wurin Mai Sawu. Tsoho ne, sa'ana, wanda ake kira idan an kore wa mutum shanu. Ya taɓa bin ɓarawon akuya har cikin masaukin amaryarsa. Na same shi yana gyaran igiya a ƙofar gida.

"Rediyo! Yau wace tasha aka kama?"

"Tashar kuka. Tashi mu je, an ɓata cuku."

"Cuku yana da ƙafa ne?"

"Wanda ya ɓata shi yana da ita."

"Yaushe aka yi ɓarnar?"

"Wa ya sani? Wata shida, wata bakwai."

Ya ajiye igiyar ya dube ni. "Ke, sawu fa ba rubutun dutse ba ne. Iskar yini guda ta ishe shi. Kin zo mini da na rabin shekara?"

"'Yata za a kai caji ofis," na ce.

Ya ɗauki sandarsa.

* * *

A ɗakin cuku ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya duba taga, ya duba bayan katakai, ya shinshina bango. Da ya miƙe sai ya ƙi haɗa ido da ni.

"Faɗi mana."

"Silifas ɗaya ne, na mace, tana taka gefen ƙafa. Sai takalmin Maigida nan da can. Ko ɓera bai shigo ba."

Wato na je na ɗauko mutum da ƙafata ya zo ya ƙara ɗaure 'yata.

A tsakar gida muka tarar da Malamar gwaji, wadda Maigida ya ɗauko daga birni. Yarinya ce mai farar riga da kwalabe cikin akwati, mai hankali kuwa, don har ƙasa ta gaishe ni. Na ce ta yi mini bayani irin na wadda ta tsaya a aji uku.

"Iya, a cikin madara akwai furotin, abin da ke gina jiki. Ki ɗauke shi kamar dogon zare. Idan aka zuba ruwan daskarwa a madara, zaren nan ne ke kamawa ya zama cuku. To duk watannin da cuku ke kwance, ba barci yake ba. Ruwan daskarwar yana nan a cikinsa kamar ɗan almakashi, yana yanka zaren a hankali. Wannan yankan shi ke kawo laushi da daɗi. Amma in ya yi sauri, ko ya yanka inda bai kamata ba, guntayen ɗaci gare su."

"Me ke haukata almakashin?" in ji Mai Sawu.

"Yadda aka yi aikin tun farko, Baba. Ko wuta ba ta kai ba a tukunya, ko gishiri ya yi kaɗan, ko ɗaki ya yi ɗumi. Ko kuma ruwan daskarwar ne ba shi ba."

Maigida ya ɗaga hannu. "Wannan kam cire shi. Tun zamanin mahaifina tumbin ɗan maraƙi ne, wanda bai fara cin ciyawa ba. A yanka, a shanya, a jiƙa a ruwan gishiri. Ban taɓa canzawa ba."

Na ƙirga a zuciyata. Gishiri na 'yata, ɗaki na 'yata. Wuta kaɗai ta rage mana.

"To a gyara mana wanda ya fara," na ce wa Malama. "Ba magani?"

Ta girgiza kai. "Zaren da aka yanka ba ya komawa, Iya."

* * *

Mai wutar shi ne Dogo, wanda ke tsaye a kan babbar tukunya. Mai Sawu ya bi ƙafarsa daga bakin murhu, ya zaga bayan rumbun itace, har gindin katanga inda ƙasa ta lotsa don yawan tsayuwa. Ta ɗaya gefen katangar kuwa teburin wata bazawara mai sayar da shayi ne.

Allah Ya gafarta mini, duk da halin da nake ciki sai da na ji daɗi.

"Dogo, ashe madara na kan wuta kai kana kan katanga?"

"Haba Iya, rufa mini asiri! Sai na sauke nake zuwa. Wallahi sai na sauke!"

"Matarka ta san kana son shayi haka?"

Ya yi ta rantsuwa har gumi ya jiƙa masa wuya. Malama ta tsaya a kansa ya yi tukunya guda, ta tsoma ma'auninta, ta ce zafin daidai ne. Ta ƙara da cewa cukun da suka fi tsufa a ɗakin, waɗanda shi dai Dogon ya dafa, 'yata kuma ta goge, lafiyarsu ƙalau. Daga wani layi ne abin ya fara, ya yi gaba.

Sai muka koma kan ƙanin Maigida, wanda ya daɗe yana cewa a daina wahalar shekara, a koma hodar daskarwa ta kanti. Mai Sawu ya bi takalminsa mai tsini har ɗakin ajiyar buhuna. A bayan buhunan muka sami kwalin hodar, ko buɗe shi ba a yi ba. Kusa da shi ga wuƙa, ga ɓawon cukun da aka fitar don kasuwa tuli guda. Ashe bawan Allah nan yake ɓuya yana cin dukiyar wansa, shi ya sa wando ya daina shigarsa.

"Ni da nake ci, ni zan sa masa ɗaci?" in ji shi. "Ku yi mini adalci mana."

Gaskiyarsa. Muka fito hannu Rabbana.

* * *

A gida na sami 'yata zaune a bakin gado da rana tsaka, ta zuba wa bango ido. Haka take zama tun da jaririnsu ya koma bara, bai ko cika wata biyu ba. Aikin nan ne ya fara fito da ita cikin mutane, yanzu shi ma an karɓe.

"'Yar nan, ko kin rage gishirin bisa kuskure? Ni ce fa, faɗa mini."

"Inna, ke ma?"

Mijinta ya shigo daga kiwo, ya cire takalmin robarsa a ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya dubi matarsa, bakinsa ya motsa kamar zai yi magana, sai ya ɗauki buta ya fita. Na ce a raina, namiji ke nan, ana neman ɗaure matarsa shi yana neman buta.

* * *

Saura kaɗan mako ya fita muka zauna da Mai Sawu a inuwar garke, ba mu da sauran wanda za mu bi. In na rasa abin yi, bakina ke aiki. Na shiga ba shi labarin surukina.

"Ka gan shi shiru-shiru, rowa ce fal cikinsa. Ka san in ya yanka maraƙin daskarwa, Maigida tumbin kawai yake so, naman na makiyayi ne. Da, har ƙofa yake kawo mini cinya. Yanzu fa? Ko ƙashi. Na tambaya, wai ya ba mabukata. Ni me ce, mai kuɗi?"

Mai Sawu ya daina zane da sandarsa. "Tun yaushe?"

"Tun bara. Bakina har ya manta."

"A ina yake yankan?"

Na nuna masa bayan garke, gindin wata bishiya mai ƙugiya a reshe. Ya je ya tsaya. Ciyawa ta rufe wurin har gwiwa. Ƙugiyar ta yi tsatsa. Ya tsuguna ya buɗa ciyawar da hannu, ya zaga bishiyar, ya sake zagawa.

"Rediyo, zo ki gani."

"Ban ga komai ba."

"Shi ne. Inda ake yanka, karnukan unguwa kan mayar da shi kasuwa. Ko an wanke jini, sai sun zo sun tona. Nan babu kare ko ɗaya. Sun daɗe da cire rai."

Daga nan ya bi bayan shingen garke, kansa a ƙasa. Akwai wata 'yar hanya siririya da ban taɓa lura da ita ba, ta fito daga inda waya ta ɗage. Ya nuna mini da sanda. Kofato ƙanana, wasu kamar kofin shayi, wasu sun fi haka. A tsakiyarsu takalmin roba, da faci a dunduniyar hagu.

Wannan facin kullum ina ganinsa a ƙofar ɗakina.

"Mu koma," na ce. "Rana ta yi zafi."

Bai ko waiwayo ba. Na bi shi. Muka gangara kwari, muka haura, har wani kangon gida da rufinsa ya zube, an toshe ƙofarsa da ƙaya. Ya janye ƙayar.

'Yan maruƙa ne, duk maza, sun yi bakwai ko takwas. In ka jera su kamar matakala: babban ya fara ƙaho, ƙaramin ko tsayuwa bai gama iyawa ba. An share musu wuri, ga kwano da ruwa. A kusurwa kuma ga turmi, ga tarin wani ganye mai farin ruwa kamar nono, ga kwalaben ruwan daskarwa da ake kai wa Dogo.

Ƙaramin ya zo ya kama bakin zanena yana tsotsa.

Na zauna a ƙasa. "Don Allah ka ce ba ka ga komai ba. Sawu ya ɓace, ka tsufa, ido ya mutu. Wa zai ƙaryata ka?"

"To. Sai a kai 'yarki."

"Ka ce ɓarayi ne."

"Ɓarayin da ke share wa maraƙi ɗaki?" Ya zauna kusa da ni, ya cire hula. "Ke kika ɗauko ni. In kin ce in tafi gida, yanzu zan tafi. Amma zaɓi ɗaya, 'yarki ko surukinki, don ba zan iya fitar miki da su biyu ba."

Na buɗe baki, ni da magana ba ta taɓa yi mini wuya ba. Amma ban iya ce masa ya tafi gida ba.

* * *

Da safe Maigida ya tara kowa a tsakar gidan cuku: Dogo, ƙaninsa, Malama, 'yata, da surukina da aka kira daga garke. Matan famfo sun cika bakin ƙofa, kowa da bokitin da ba ruwa. Mai Sawu bai yi jawabi ba. Ya buɗe ƙofar baya kawai, ya koro maruƙan.

Wata saniya a garke ta ɗaga kai ta yi kuka. Ƙaramin ya amsa, ya ruga wajen shinge.

"Na wane ne waɗannan?" in ji Maigida.

"Naka ne," in ji Mai Sawu. "Duk an yanka su. Tumbinsu na cikin cukunka."

Ba wanda ya yi dariya. Malama ta karɓi kwalbar da ganyen, ta shinshina, ta ɗiga a tafin hannu. Ta ce ganyen yana daskarar da madara sarai, kuma in za a ci cukun a ranar ba mai ganewa. Amma almakashinsa ba ya gajiya, ba ya zaɓen wuri. A bar shi watanni, sai ya daddatse komai. Ta dubi babban maraƙin, ta tambayi Mai Sawu watanninsa, ta shiga ɗaki ta ɗora hannu a kan wani layin cuku.

"Daga nan zuwa ƙofa, Maigida. Har waɗanda aka yi shekaranjiya."

"Waɗanda ba su yi ɗaci ba fa?"

"Suna hanya. A sayar da sababbin yanzu da arha, shi ne kawai."

Maigida ya juya ga surukina. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi ƙanƙanta haka ba. "Me na yi maka? Na hana ka haƙƙinka? Na zage ka?"

Surukina ya durƙusa. "Ba ka yi mini komai ba, Maigida."

"To me ya sa?"

"Bayan mun binne yaron, aka ce in yanka maraƙin jar saniya. Na kai shi gindin bishiya, na kayar. Uwar tana kuka a garke. Ni kuma na baro wata a gida, rigarta na jiƙewa da nono, ba mai sha. Wuƙar ta ƙi. Na ce wannan ɗaya kawai. Na tuna kakata na daskarar da madara da ganyen nan, na gwada, ya kama, Dogo bai ce komai ba. Da na biyu ya zo, na riga na san akwai hanya. Da asuba nake kawo su bayan shinge su sha. Wallahi na ɗauka duk daskarwa ɗaya ce."

"Da aka kama matarka fa? Nan ma wuƙar ce ta ƙi?"

Ya sunkuyar da kai. "Kullum ina cewa gobe. In na faɗa, za a yanka su."

Ƙanin Maigida ya ce to a yanka su yanzu mana, a ceci abin da ya rage. Maigida ya yi wata dariya mara daɗi. "Sun ci ciyawa. In ban da ƙaramin can, tumbinsu ba shi da amfani. Kuma ko ka yanka garken duka, abin da ke kan katako ya riga ya tafi."

Ya daɗe yana kallon ɗakin. Aikin shekara guda, jere, kowanne da kyan fuska.

"Ba zan kira 'yan sanda ba, ba su iya cire ɗaci. Kai, ka bar mini gida yau. Kwashe su ka tafi da su, ba na son ganinsu, har ƙaramin." Ya juya ga 'yata, ya kasa kallon idonta. "Ki yafe mini. Ki dawo gobe, in Allah Ya sa akwai sauran gidan da za a dawo."

Mai Sawu ya sa hularsa. Da zai wuce ni ya ce, "Na fitar miki da ɗaya." Ban gode masa ba, shi ma bai tsaya jira ba.

* * *

Muka kamo hanyar gida. 'Yata a gaba, ni a tsakiya, surukina a baya da maruƙansa, ƙaramin a kafaɗa. Ina ta shirya abin da zan faɗa masa, kalamai masu zafi, na kwana uku. Ina kuma lissafin bakuna uku da shanu takwas a kan aikin mace ɗaya, aikin da ba a san ko zai kai baɗi ba.

A mararraba 'yata ta tsaya. Ta juyo, ta wuce ni kamar ba na wurin, ta tsaya a gaban mijinta. Na ce yau za a yi ta, na gyara tsayuwa.

"Mako guda ina zaune ana kirana mai guba," ta ce. "Kana kallo."

"Ina kallo."

"Ba zan manta ba."

"Na sani."

Ta daɗe tana dubansa. Sai ta dubi abin da ke kafaɗarsa.

"Wannan tun safe bai sha ba, kuma an raba shi da uwar. Me za ka ba shi?"

"Ban sani ba."

"Ba ka taɓa sanin komai ba. Sauke shi, ka riƙe shi kamar buhu." Ta kwance mayafinta ta yafa wa maraƙin, ta rungume shi a ƙirji, ƙafafunsa na reto. "Inna, akwai sauran madarar gari a gwangwanin nan na saman kabad?"

Gwangwanin jaririn take nufi. Tun bara ba wanda ya taɓa shi.

"Akwai," na ce.

"Je ki ɗora ruwa."

Na wuce gaba da sauri, don kada su ga fuskata.